Ɗigo Bakwai a Jikin Ƙwarya

Da sunan Allah nake fara wannan, kamar yadda nake fara duk abin da zan rubuta, ko da jerin kayan miya ne.

Sana'ata kwafar littafi. A zauren gidanmu da ke Ƙofar Taramniya nake zama tun da hantsi, da alƙalamin kara da kurtun tawada, ina kwafar waƙoƙin wa'azi da na ibada cikin ajami ga waɗanda nasu suka tsufa ko gara ta ci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mani, kuma cikin duk abin da ya koya mani abu ɗaya ya fi nanatawa: mai kwafa ba ya sa nasa. Ko kuskure ka tarar a littafin da ke gabanka, rubuta shi yadda yake, ka yi 'yar alama a gefen takarda. Na riƙe wannan shekara da shekaru. Sau ɗaya na saɓa, da layi ɗaya tak, kuma ba a littafi ba, a bayan katin asibiti. Saboda layin nan mai ɗakina ta kusa shiga hannun wanzami.

A lokacin shekararmu tara da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba kuma rashin haihuwar kaɗai ba ne. Duk wata idan al'adarta ta zo, sai ta yi kwana uku a dunƙule kan tabarma da tsumma mai ɗumi a mara, ba ci, ba magana. Rana ta huɗu ta tashi ta ɗaura zane ta share tsakar gida kamar ba ita ba. Na yi mata rubutu ta sha. An kawo saiwoyi daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, ta dafa ta sha. Ba ta taɓa ƙin wani magani ba, sai dai ta tambaya ko da safe ake sha ko da yamma.

Mahaifiyarta, wadda nake kira Inna kamar yadda mai ɗakina ke kiranta, a Dundaye take zaune. 'Ya'yanta maza suna noman shinkafa a fadama, ita kuwa zanen ƙwarya take yi da wuta. Takan jera ƙarafa biyar ko shida a garwashi, ta zaro wanda ya yi ja, ta ja layi a bayan ƙwarya, kafin ya huce ta mayar ta zaro wani. Ɗakinta kullum da ɗan ƙauri mai daɗi. Inna ba ta auna mutum da bakinsa, da hannunsa take auna shi. In ta ɗauki ƙwaryar wata a kasuwa, sai ta shafa da babban yatsa ta ce, nan ƙarfenta ya huce, nan kuma wani ya kira ta ta waiwaya. Ta taɓa duba rubutuna sau ɗaya. A juye ta riƙe takardar, ta daɗe tana kallo, ta ce ba laifi. Har yau ina jin daɗin wannan shaida.

Inna ta daɗe da yanke hukunci a kan ciwon ɗiyarta. Ta ce gishiri ne, wato ciwon nan da mutanenmu ke cewa yana toshe mace ya hana ta ɗaukar ciki. Maganinsa a wurinsu shi ne wanzami ya sa aska ya yi yanka ta gaba, jini ya zuba. Na san wata 'yar ƙanen Inna da aka yi wa. Ba ta haihu ba, kuma tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. In an yi biki, can ƙarshen tabarma take zama ita kaɗai. Na sa aka tuna wa Inna wannan. Ta aiko cewa wancan wanzamin yaro ne, wanda ta samo yanzu tsoho ne. Shekara uku ina kaucewa. Yau in ce azumi ya matso, gobe in ce a bari ruwa ya ɗauke. Mutum ba ya ce wa surukarsa a'a, dabara yake yi, kuma dabarata ta zo ƙarshe.

Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu ta gaya wa mai ɗakina cewa a wani asibiti can bayan Sabon Gari an samu likitar mata da ta zo da sabuwar na'ura. Muka je. Likitar mace ce doguwa, Hausarta ta Kano, tana magana da sauri kamar za ta makara. Ta yi tambayoyi, ta sa aka yi hoto, ta ce mu dawo bayan sati biyu. Da muka dawo ta zaunar da mu ta yi bayani. Na juya katin asibitin, na zaro biro na fara rubutawa a bayansa.

Ta leƙo ta ce, "Malam, addu'a kake rubutawa?"

Na ce, "A'a, maganarki nake rubutawa."

Ta ce, "To bari in rage gudu."

Ga abin da ta faɗa, yadda na rubuta shi. Akwai wani irin nama da Allah ya shimfiɗa a cikin mahaifa, shi ne ke zubewa duk wata. Tana zaton a jikin mai ɗakina irin naman nan ya tsiro a waje, inda ba wurinsa ba, ya yi tabo-tabo, ya kuma manne hanyar da ƙwai ke bi kamar yanar gizo-gizo. Ba za a tsaga ciki ba. Za a huda wuri uku ƙanana, a hura iska ciki ya ɗaga, a zura siririn bututu mai ido wanda ke nuna ciki a allon talabijin. Sannan a yi aiki da wani haske da ake kira lesa, tsinken haske siriri mai ƙuna, a bi tabon ɗaya bayan ɗaya, a tsinke yanar. Ta ce tana sa ran ciwon zai ragu ƙwarai. Haihuwa kuwa ba ta yi alkawari ba, hanya kawai za ta share. Na ce ai wannan daidai ne, ba a hannunta take ba.

Washegari muka tafi Dundaye. Mai ɗakina ta shige ciki, ni na tsaya a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida ina sake duba katin. Sai na ga bayanin ya tsaya haka nan, kamar littafin da aka yage ganyensa na ƙarshe. An huda, an duba, an yi aiki, daga nan sai me? Ni kuwa na san abin da ke biyo baya, kowa ma ya sani. Wanzami in ya cire wa jariri beli, a kan tsinke yake ɗora shi ya nuna wa uba. Da aka yi wa matar wani abokina tiyata, kiransa aka yi aka nuna masa ƙullutun nama a kwanon silba, har yau da tafin hannu yake kwatanta girmansa. Na ɗauka likita ta manta ne saboda sauri. Na dafa katin a jikin bishiya na rubuta a ƙasa: sannan a kira dangi a nuna masu abin da aka ciro.

Na shiga na tsugunna a bakin ƙofar Inna, asabari na tsakaninmu. Muka gaisa, na tambayi fadama, ta tambayi gari. Na karanta mata katin a hankali.

Ta ce, "Da haske za a yi mata aiki?"

Na ce, "Da haske, Inna."

"Wagga yarinya tun haihuwatta cikin rana take. Ba ta warke ba."

Na ce wannan hasken daban ne. Ina jin ta tana gyara ƙarafa a garwashi.

"Malam, sake karanta mani na ƙarshen."

Na sake karantawa.

Ta ce, "To. In nig ga abin ga da idona, na bar zancen wanzami har abada. In ban gani ba, gida za ta taho jinya. Ka san kuwa in ɗiya tana gidansu, uwatta ad da ita."

Daga cikin ɗakin na ji muryar mai ɗakina ta ce, "Na yarda, Inna." Ni ma na ce na yarda. Na fito ina ganin na yi dabarar da ta fi duk na baya.

Da yake abin da aka raba da jikin ɗan Adam ba a yar da shi a bola, sai na yi shiri. A bayan ɗakinmu, kusa da zogale, na haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya. Na yanko ƙyallen farin yadi na ninke na sa a aljihu. Inna ta iso ana gobe aiki, da 'yar ƙwarya sabuwa an rufe ta da faifai. Ta yi mata zane, layi biyu-biyu sun zagaye bakinta, tsakaninsu bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Mai ɗakina ta ce, "Inna, abin da za a binne kika ɓata wa lokaci haka?" Inna ta ce ita ƙwarya ba ta fita ɗakinta tsirara.

Da sassafe aka shiga da ita. Muka zauna a benci a baranda, Inna a wancan ƙarshe, ni a wannan, ƙwarya a cinyarta, tazbaha a hannuna. Can wata nas ta fito daga ɗakin tiyatar da wani ƙaton tabarau a fuska. Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ba ni ta kalla ba, bango ta yi wa magana.

"Walda za a yi mata?"

Na ce wa bangon, tabarau ne na kare ido daga hasken.

Kamar an shirya, sai aka buɗe ɗaya ɗakin tiyatar da ke gefe, aka kira wani mutum da ke zaune kusa da mu. An yi wa matarsa aiki irin na tsaga ciki. Aka miƙo masa kwanon silba, ya leƙa ya ce innalillahi, danginsa suka taso suka kewaye shi. Inna ma ta tashi, ta je ta leƙa ba tare da an gayyace ta ba. Ta dawo ta zauna, ta gyara faifan ƙwaryarta.

Ta ce, "Waccan an yi mata aiki."

Wajen awa biyu da rabi likitarmu ta fito, ta sauke ƙyallen bakinta. Ta ce alhamdu lillahi, abin da ta zata shi ta tarar, ta kuma share duk wanda ta gani, hanya ta buɗe ta ɓangare biyu. Na yi hamdala. Inna ta miƙe, ta matsa gabanta, ta ɗaga faifai ta miƙa ƙwarya da hannu biyu.

Likita ta leƙa cikin ƙwaryar. Babu komai a ciki. Ta ce, "Mama, mene ne wannan?"

"Na zuba abin da kunka ciro."

"Ai babu abin zubawa, Mama. Hasken ƙone shi yake yi a inda yake, ya zama hayaƙi, injin ya zuƙe. Ɗan abin da na tsinko don gwaji bai fi ƙwayar gero biyu ba, an riga an tafi da shi."

Inna ta ce, "Gero biyu."

"I, Mama."

"Shekara tara. Gero biyu."

Likita ta dube ni, ta dubi Inna. Ta ce, "Wa ya ce maku za a nuna wani abu?"

Inna ba za ta nuna surukinta da yatsa a gaban baƙuwa ba. Ta ce, "Takarda tac ce."

Na zaro katin. Na ce, "Likita, layin ƙarshe ba naki ba ne. Ni na sa." Ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, ta mayar mani. Farin ƙyallen yana aljihuna, na ji nauyinsa kamar na ɗauko bulo.

Da mai ɗakina ta farfaɗo aka ba mu izinin shiga. Na tsaya daga ƙofa. Inna ta ɗaga zane ta duba cikin ɗiyarta: filasta uku, kowace ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, ɗaya a cibiya, biyu a ƙasa. Ta ce ko ƙaho aka yi wa mutum ya fi wannan barin shaida. Ta tambaye ta ina ke ciwo. Mai ɗakina ta ce kafaɗa. Nas ta yi bayani cewa iskar da aka hura ce, kwana biyu za ta baje. Inna ta gyaɗa kai a hankali.

"An yi aiki ga ciki, ciwo ga kahwaɗa. Madalla."

Da la'asar likita ta kira mu ofis, ta juyo mana da allon kwamfuta. Ta nuna hoton kafin aiki, ga tabo baƙi-baƙi kamar an yayyafa toka, ga yana fara-fara ta ɗaure wuri. Ta nuna na bayan aiki, wurin ya washe. Ni na gamsu. Inna ta matso da fuska dab da allon, ta daɗe.

Ta ce, "Na sha gyaran kayan cikin akuya. Haka suke. Ni ban ga sunan ɗiyata ga wanga ba."

A nan na gaya wa likita batun wanzami, a gaban Inna, kaina a sunkuye. Likita ta ajiye biro. Ta daina sauri. Ta gaya wa Inna cewa yankan nan ba ya buɗe komai, mafitsara yake hudawa, wasu jini ke ƙarar da su kafin a iso asibiti, kuma ita da hannunta ta ɗinke mata da yawa da aka yi wa. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta ce, "Allah shi saka da alheri." Likita ta ji daɗi. Ni da na san Inna, na san an ce a'a ke nan.

Washegari da hantsi aka ce za a sallame mu bayan azahar. Inna ta riga ta ɗaure kayan ɗiyarta a zane, ta aika a gaya wa babban ɗanta ya samo mota zuwa Dundaye. Ta fita alwala, na samu na matsa kusa da gadon.

Na ce, "Ki ce ba ki zuwa. Ni zan ɗauki laifin."

Mai ɗakina ta ce, "Malam, da bakina nic ce na yarda. Kana ji. In na tashi maganata yau, da wane ido zan dube ta?" Ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ɗaga ido tana kallon rufin ɗaki. Can ta ce, "Ka san wani abu? Jiya kafin barci ya ɗauke ni, na ji ƙaurin ɗakin Inna."

Na ɗauka maganin barci ne bai gama sakinta ba. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Ta ce, "A'a. Da idona na gani. Kafin su taɓa ni, sun ɗauko ɗan katakon nan da ake danne harshe da shi, suka jiƙa shi, likita ta saita, ta taka wani abu da ƙafa. Sai ga ɗigo baƙi a jikin katakon, da ɗan hayaƙi. Ƙaurin sak na ƙwaryar Inna. Je ka tambaye ta."

Na je na tambaya. Likita ta ce haka ne, ba a fara aiki da na'urar sai an gwada ta a kan katako, a tabbatar inda aka saita nan hasken ke sauka. Na ce ko katakon jiya yana nan. Ta ce an zubar. Na gaya mata sana'ar Inna. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta dubi agogo, ta ce ta gama aikin safe, an tura na'urar ɗakin da ake ajiye ta. Ta ce, "Kawo ta. Amma Malam, wannan karon kar ka rubuta komai."

Haka aka sa wa Inna hular leda a kan kallabi da ƙaton tabarau irin na jiya. Ni ma aka sa mani. Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba, kuma har yau ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na'urar kamar ƙaramin firji take, da dogon hannu mai gaɓoɓi. Nas ta rufe ƙofa, ta ajiye kwanon ruwa a kusa. Likita ta jiƙa katako, ta saita wani ɗan jan haske a kansa, ta taka. Aka ji ɗan ƙara, ɗigo ya fito, siririn hayaƙi ya tashi. Na ga hancin Inna ya motsa.

Ta ce, "Katako kowa na iya ƙona shi." Ta zaro 'yar ƙwaryarta daga ƙarƙashin mayafi, ta kife ta a kan tebur. Ta sa farce a tsakanin layukan nan biyu da ta zana. "Nan. Ki sa mani ɗigo nan. Kak ki taɓa na bisa, kak ki taɓa na ƙasa, kak ki huda mani ƙwarya."

Nas ta rufe baki tana dariya. Likita ba ta yi dariya ba. Ta murɗa wani abu a jikin na'urar, ta shafa wa wurin ruwa, ta sunkuya. Ta taka. Ta matsa kaɗan ta sake takawa. Sau bakwai. Ni da aikina sa ɗigo a kan haruffa ne, na tsaya ina kallo, na ji kunyar wasu littattafan da na riga na ba masu su.

Inna ta cire tabarau da kanta. Ta ɗauki ƙwaryar ta kai bakin taga. Ta shafa ɗigon da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta shinshina. Ta juya cikin ƙwaryar ga rana ta duba ko haske zai ɓullo. Bai ɓullo ba.

Ta ce, "Ƙarhe nawa kike sawa ga wuta?"

"Babu ƙarfe, Mama."

"Ba shi hucewa?"

"Ba ya hucewa."

Inna ta yi ɗan tsaki, irin na wanda aka nuna wa gonar da ta fi tasa. "Wanga shi kinka yi cikin ɗiyata?"

"Shi ne."

"Ɗigo nawa?"

"Ban ƙirga ba. Da yawa."

"Kina kallon talabijin, hannunki na wani wuri?"

"Haka ake yi."

Inna ta sake shafa ƙwaryar. Sannan ta yi magana, ba da likita ba, ba kuma da ni ba. Ta ce ita tun tana budurwa take ƙona ƙwarya, ko'ina ta ja layi nama ne ta cire daga jikinta, kuma ba a taɓa samun mai sayen da ya ce ta nuna masa abin da ta cire ba. Zanen ake dubawa. Ta mayar da ƙwaryar ƙarƙashin mayafi, ta dubi likita daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Hannunki ba shi rawa. Ɗiyar wa ta ke?"

Likita ta ce babanta tela ne. Inna ta ce ai ga shi nan.

Ba ta ce ta janye batun wanzami ba. Inna ba ta faɗin irin wannan. Da motar da ɗanta ya samo ta iso, sai ta ce wa direba Ƙofar Taramniya za shi, hanyar Dundaye ta yi gargada ga mai sabon aiki. Kwana goma sha biyu ta yi a gidanmu tana jinya. Na koma zaure da zama gaba ɗaya, in zan shiga ciki sai na yi gyaran murya sau uku. A kwana na huɗu na ji ta tana gaya wa wata da ta zo dubiya daga ƙauye cewa a faɗa wa tsohon wanzamin nan ya nemi wani aikin, ɗiyarta likita ta yi mata zane a ciki.

Ita ce kuma ta ga ramin. Na ɗauko shebur zan cike shi, sai na ji muryarta daga bayan zana.

"Malam, mi za ka yi?"

Na ce, "Zan rufe, Inna. Ba abin sawa."

"Kak ka cike shi. Kihe mai tsohon turmi."

Na kife masa tsohon turmi. A gefen katin asibitin kuma, daidai layin nan, na yi 'yar alama kamar yadda mahaifina ya koya mani, na rubuta: wannan daga mai kwafa ne, ba ya cikin asali, Allah ya yafe masa.

Wata na farko bayan aikin, mai ɗakina ta yi kwana ɗaya a kwance maimakon uku. Wata na uku ban ma san ya zo ya wuce ba, sai da ta ce in daina tafiya a hankali a tsakar gida, ba mai ciwo. Wannan kaɗai ya isa godiya, mun kuma gode. Damina biyu ta wuce a kan turmin nan, gara ta ci gindinsa, kaji suka mai da shi wurin hawa. Ba wanda ya yi zancensa.

A cikin shekara ta uku Allah ya kawo rabo. A asibitin nan ta haihu, mace, ranar wata Talata da hantsi. Muna zaune a benci ɗaya da na wancan karon, Inna a ƙarshenta, ni a nawa. Nas ta leƙo ta yi mana albishir, sannan ta ce ina dangi, a kawo abin da za a sa mabiyiya a je a binne. Kafin in taɓa aljihu, Inna ta riga ta miƙe ta zaro 'yar ƙwaryar daga mayafi, ta ɗaga faifai. Ban san da ita ta zo ba.

Na kai gida, na ture turmin, na kwashe ganyen zogalen da ya taru a ciki. Ramin ya yi kaɗan, don da ƙwayar abin da ban taɓa gani ba na auna shi. Na sa fartanya na faɗaɗa shi, na shimfiɗa farin ƙyallen, na yi bisimilla. Har na ɗaga ƙwaryar zan sa ta ciki gaba ɗaya, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Mai ɗakina ce, muryarta a gajiye.

Ta ce, "Malam, Inna ta ce ka juye, ka wanke, ka maido mata ƙwaryarta."